Reshen dankali a bakin tankin kifi

A Gyallesu, inda gidaje da dama sai sun kira ɗan garuwa kafin randa ta cika, mai ajiye kifin ado a tankin gilashi ya san zafin canjin ruwa. Akwai dabarar da ke rage wannan wahala, kuma ba ta cin ko sisi: yanko reshen shuka, a tsoma gindinsa cikin tankin.

Kifi yana fitar da amoniya ta wajen numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe ita yake zama. Guba ce. Wasu ƙwayoyin halitta, irin su Nitrosomonas da Nitrospira, suna juya ta a hankali zuwa naitiret, wanda bai kai ta illa ba amma taruwa yake yi. To, naitiret ɗin nan taki ne, irin abincin da manomin fadamar Kubanni ke nema wa alayyahonsa. Saiwa na shiga ruwa sai ta fara zuƙe shi. Aikin da kainuwa ke yi a kududdufi ke nan tun fil azal.

Shukar da aka fi sani da wannan aiki a duniya ita ce pothos, mai yaɗon nan da masu sayar da furanni ke kawowa, asalinta tsibirin Moorea a tekun Pasifik. Ni dai na fi yarda da dankalin Hausa: ga shi a ƙofar gida, ga saurin saiwa. A yanke reshen a ƙasan gaɓa, a wanke shi tas saboda maganin feshi, a ajiye shi a kwalba mai ruwa mako ɗaya ko biyu har saiwa ta fito. Wannan jiran ya fi zama dole ga pothos, domin ruwan jikinta yana da ƙaiƙayi. Saiwa kaɗai ke shiga ruwa. Ganye in ya nutse ruɓewa zai yi, an koma gidan jiya.

Mai karfasa kada ya wahalar da kansa, cinye saiwar za ta yi. Kuma in aka ɗauke wuta famfon iska ya tsaya, kada a sa rai ga reshen: ganyensa a waje yake, iskar da yake fitarwa ba ta shiga ruwan. Canjin ruwa ma yana nan, tazararsa ce kawai za ta ƙaru.