Kada a Kwashe Rumbu Don Cika Ɗakin Amarya

Da an gama kai amfanin gona gida a ƙasar Rano da Kibiya, sai katin biki ya fara yawo. Daga Rurum zuwa Saji, daga Tarai zuwa Saya-Saya, kaka ce lokacin aurar da 'ya'ya, kuma a nan ne magidanta da yawa ke jawo wa kansu wahalar shekara guda.

Uba zai ga maƙwabci ya yi wa 'yarsa gado na yayi da kujeru da shogilas, sai ya rantse tasa ba za ta gaza ba. Uwa na gefe tana zuga, wai kada dangin miji su raina su ranar jere. Sai a ɗebi dawa da masara da gyaɗa a kai kasuwa, a daidai lokacin da kowa ke fitar da nasa, farashi yana ƙasa. 'Yan kasuwa su saye su jibge a sito. Kuɗin bai isa ba, a haɗa da ɗan maraƙi, a ci bashi, wani har gonar gado yake jinginarwa. Ango ma haka: akwatunan lefe, ɗinki kala-kala, ga babbar waya. Bayan sati guda baƙi sun watse, kwanuka na jere ba mai taɓa su, gara ta ƙare kafin bazara.

Da damina ta faɗi, mutumin da ya sayar da buhu shi ne ke bin layin awo da kwano, babu kuɗin taki balle na 'yan ƙwadago. Wace irin dabara ce wannan? A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari, kuma waɗanda suka yi gaggawar sayar da hatsinsu sun ɗanɗana kuɗarsu. Ita kanta amaryar da aka yi domin ta, gidan da babu tuwo ba ya yi mata daɗi komai ƙyallin kujerunsa, kuma rikicin cefane na cikin abubuwan da ke kai ma'aurata gaban alƙali.

A auren gata da Hukumar Hisbah ta Kano ta shirya a Oktoban 2023, an aurar da mata 1,800 a kan sadakin naira 50,000 kowacce, da gado da katifa da ɗan jari. Aure ya ɗauru ba tare da an sayar da gona ba.

Saboda haka, kafin a je wurin kafinta, magidanci ya fara ware abincin gida har zuwa sabuwar kaka, ya ware iri da kuɗin taki. Abin da ya rage shi ne na biki. Iyaye mata su rage jeren kwanuka, su saya wa yarinya akuya ko keken ɗinki. Dagatai da limamai kuma su tara dangin ango da na amarya tun ranar sa rana, a yanke iyakar lefe da gara a gaban shaidu.