2.4 Muhimmancin Abu da Tasirinsa a kan Sabo

Duk lokacin da wani baƙon sauti ya faɗa kunnen mutum, jiki yakan yi wani ɗan shiri ba da sanin mai shi ba. Kai yakan juya wajen sautin, ƙwayar ido ta ƙara buɗewa, bugun zuciya ya ɗan lafa, sannan tafin hannu ya tsatsafo da gumi kaɗan wanda sai na'ura ke iya ganowa. Idan aka yi ta maimaita sautin, wannan martani yakan riƙa raguwa har ya ɓace. Abin da ake nufi da sabo ke nan a wannan nazari.

Mai karatu zai iya ɗauka cewa kunne ne ya gaji. To amma Sokolov (1963), masani ɗan ƙasar Rasha, ya nuna ba haka ba ne, domin idan aka rage ƙarfin sautin da aka saba da shi, ko aka tsallake shi a lokacin da ake tsammaninsa, sai martanin ya dawo. Wato ƙwaƙwalwa tana ajiye siffar sautin ne, tana gwada duk abin da ya shigo da ita. Alal misali, maƙwabcin mai injin niƙa ba ya jin ƙararsa, amma da zarar an ɗauke wuta sai ya ɗaga kai.

Sai dai Bernstein (1969) yana ganin baƙunta kaɗai ba ta isa ba, sai abin ya kasance yana da muhimmanci ga mai ji. Akwai hujjojin da ke ƙarfafa wannan ra'ayi. Moray (1959) ya sa mutane su bi maganar da ke shiga kunne ɗaya, su yi watsi da ta ɗayan. Ba su iya tuna abin da aka faɗa a kunnen da aka watsar ba, amma kusan kashi ɗaya cikin uku sun ji sunansu. Haka kuma Oswald da abokan aikinsa (1960) sun gano mai barci ya fi motsawa ga sunansa fiye da na wani. Abin lura shi ne, mutum yana yawan jin sunansa, da maimaici kaɗai ke kawo sabo, da shi ma ya dushe.

A ganin mai wannan nazari, raunin ra'ayin Bernstein shi ne wuyar awo. Ana iya auna ƙarfin sauti da na'ura, amma muhimmancinsa ya danganta ga wanda ya ji shi, don kukan jaririn da ke tayar da uwa ba lallai ya tayar da baƙon da ya kwana a gidan ba.