Me ya sa ake farautar tsofaffin faya-fayan garmaho?

Kafin zuwan faifan roba na LP a 1948, waƙoƙin jazz, blues da country na Amurka a kan faifan shelak ake buga su. Shelak wani ƙaro ne da ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwan Indiya da Tailan. Faifan yana juyawa sau 78 a minti, kowane gefe yana ɗaukar waƙar kusan minti uku. Ga nauyi, ga saurin fashewa kamar tangaran.

Abin da ya sa suka yi wuya ke nan. Ƙari a kan haka, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shelak ya yi ƙaranci, aka riƙa tara tsofaffin faya-fayai ana narkarwa. Kamfanin Paramount na jihar Wisconsin, wanda ya ɗauki muryoyin mawaƙa Charley Patton da Skip James, ya daina ɗaukar waƙa a 1932, yawancin ƙarafan da yake buga faifai da su kuma suka salwanta. Akwai waƙar da kwafi ɗaya tak ya rage a duniya.

Mai tarawa na gaske yakan karkata faifan ga haske, ya karanta lambar da aka zana kusa da takardar tsakiya. Da ita ake bin sawun ranar ɗauka da makaɗan da ba a rubuta sunansu ba. A ganina wannan aikin ya fi sayen faifan daraja. Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara tana tattara irin waɗannan bayanai.

Wanda ya gaji irin faifan nan, kada ya goge shi da sifirit, domin yana narkar da shelak.