Yadda Ake Zaɓen Rim Mai Ƙarko Idan Na Keken Tsere Ya Lalace

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ma'aikata da 'yan kasuwa da dama a biranen Arewa suka koma hawa keke domin rage kuɗin sufuri. Wasu daga cikinsu sun sayi keken tsere mai siraran tayu, galibi na hannu da ake shigowa da shi daga Turai, saboda rashin nauyinsa da saurinsa a kan kwalta. Sai dai irin wannan keke an ƙera shi ne domin titi mai santsi, ga shi kuma titunanmu ba su rasa ramuka da tudun rage gudu da rairayi. Abin da ya fi saurin jigata a jikinsa shi ne rim, wato da'irar ƙarfen da taya ke zama a kanta.

Rim ba abin da za a yi wa sakaci ba ne. Idan gefensa ya tsage ana tsaka da gudu, taya kan fita nan take, ƙafar keken ta cije, mahayi ya faɗi a tsakiyar ababen hawa. Haka kuma sayen wanda bai dace ba asarar kuɗi ce, domin ba zai ɗauru ba ko kaɗan. Ƙarkon rim ya dogara ne da abubuwa uku: dacewarsa da keken, yadda aka ƙera shi, da hannun wanda ya ɗaura shi.

Alamomin da ke nuna rim ya ƙare

Ba kowace karkata ce ke buƙatar sabon rim ba. Idan ƙafa tana ɗan rangaji, mai gyara zai iya miƙe ta ta hanyar ɗaure wasu sifok da sassauta wasu. Amma akwai lahanin da ba ya gyaruwa: tsagewa a kewayen ramukan sifok, lotsewa mai zurfi bayan faɗawa rami, ko buɗewar mahaɗar da bakin rim biyu suka haɗu.

A keken da robar birki ke matse gefen rim, kowane taka birki yana cin ƙarfen kaɗan-kaɗan. Ƙurar hunturu da yashin damina suna maƙalewa a robar, su riƙa goge gefen kamar sanfefa. Masana'antu da yawa kan yi ɗan layi ko ɗigon rami a gefen rim. Idan ya shafe, rim ya ƙare. Inda babu wannan alama, sai a ɗora rula a gefen. Idan aka ga tsakiyarsa ta yi kwarmi, ƙarfen ya sirance, kuma idan kaurinsa ya kusa milimita 1, iskar da ke cikin taya kaɗai na iya ɓalle shi.

Girma: a bi lamba, kada a bi inci

Nan ne mafi yawan masu saye ke yin kuskure. Sunayen inci da ake kiran tayu da su a kasuwa suna da ruɗani. Ma'aunin da ba ya yaudara shi ne na ƙasa da ƙasa, ISO 5775, wanda ake rubutawa a gefen taya da lambobi biyu, kamar 25-622. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu kuma faɗin da'irar rim a daidai inda bakin taya ke zama, duka a milimita.

Kusan duk keken tsere na zamani 622 ne, wanda ake kira 700C. Tsofaffin kekunan tsere masu inci 27 kuwa 630 ne. Babban keken nan irin na Raleigh da Phoenix da aka saba da shi, mai taya 28 x 1½, shi kuma 635 ne. Abin mamaki, a Turai ana kiran 622 ma inci 28, don haka mai inci 27 ya fi shi girma. Bambancin milimita 8 ko 13 ba ya ganuwa da ido a shago, amma ya isa ya hana taya shiga, ko ya sa ta fice bayan an yi mata iska. Abin da ya fi shi ne mai keke ya tafi kasuwa da tsohuwar ƙafar gaba ɗayanta.

Sai faɗin cikin rim, wanda akan rubuta kamar 622x17. Tsofaffin rim na tsere masu milimita 13 zuwa 15 an yi su ne domin tayu masu faɗin 23 ko 25. Mai faɗin 17 zuwa 19 ya fi dacewa da taya 28 ko 32, wadda ke ɗaukar iska da yawa, ta shanye bugun rami kafin ya kai ga ƙarfe. Ga mai zuwa ofis ko kasuwa kullum, wannan ya fi alheri, muddin jikin keken da birkinsa suna da sararin da taya mai faɗi za ta wuce.

Yawan ramuka da irin birki

Dole ramukan sifok na sabon rim su yi daidai da na hob, wato cibiyar da ƙafa ke juyawa a kanta. Hob mai ramuka 32 ba ya ɗaukar rim mai 36. Ƙafafun gasa kan zo da sifok 20 ko 24 domin rage nauyi, amma idan guda ya karye, ƙafar kan karkace sosai har ta kasa juyawa. Mai sifok 32 ko 36 yana rarraba nauyi a wurare da yawa, kuma ko ɗaya ya karye mutum zai iya lallaɓawa ya isa gida. Mai jiki, ko mai ɗora kaya a baya, ya fi dacewa da 36, musamman a ƙafar baya wadda ta fi ɗaukar nauyi.

Haka nan a lura da birki. Rim ɗin da aka yi domin keke mai birkin faifai ba shi da shimfiɗaɗɗen gefen da roba za ta kama, don haka haɗari ne a sa shi a keke mai birkin roba. Ramin bawul ma iri biyu ne: na siririn bawul kimanin milimita 6.5, na mai kauri irin na mota kimanin 8.5. Faɗaɗa ramin a siririn rim yana raunana shi.

Ƙarfe da ƙira

Rim na baƙin ƙarfe mai ƙyalli yana da araha, amma yana da nauyi, yana tsatsa, kuma birki ba ya kama shi sosai idan ya jiƙe. Na kabon ba shi da nauyi, sai dai yana da tsada ainun, kuma idan ya bugi bakin rami yakan tsage ne a inda alminiyam zai lotsa kawai. Ga zirga-zirgar yau da kullum, alminiyam ne zaɓin da ya fi dacewa.

A cikin na alminiyam ɗin ma akwai mai bango ɗaya da mai bango biyu. Mai bango biyu cikinsa kamar bututu yake, ya fi jure murɗewa da bugu nesa ba kusa ba. Ana gane shi idan aka cire kyallen da ke lulluɓe cikin rim: za a ga kan sifok ya nutse a rami na biyu. Wasu kuma an sa wa kowane rami ƙaramin zoben ƙarfe, wanda ke rarraba jan sifok ya rage tsagewa. Rim mai ƙarko na wannan girma yakan kai giram 450 zuwa 550. Wanda ya gaza haka sosai an rage masa kaurin bango ne, kuma giram ɗari da aka rage ba za su sa ma'aikaci ya riga kowa isa ofis ba.

Kamfanoni irin su Mavic na Faransa, DT Swiss na Suwizalan, Araya na Japan da Alexrims na Taiwan sun yi suna a wannan fanni. Amma tambari takarda ce da kowa zai iya liƙawa. Idan na hannu ne, a duba kwarmin gefe da tsagewar ramuka, a kuma kwantar da shi a kan daɓe mai laushi a ga ko ya kwanta daidai ta ko'ina.

Hannun mai ɗaurawa

Rim mai kyau a hannun da bai ƙware ba, ba zai yi wata shida ba. Tsawon sifok ya dogara da zurfin rim, saboda haka idan sabon ya bambanta da tsohon a zurfi, dole a sayi sababbin sifok, kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa sun fi. Ƙwararren mai gyara yana tabbatar da cewa ƙarfin ɗaurin sifok na kowane ɓangare ya zo ɗaya, rim ya zauna a tsakiyar keke, sannan ya matse sifok bibbiyu da hannu domin su zauna kafin ya sake daidaitawa. Mai keke zai iya gwadawa da kansa: idan ya ƙyasta sifok na ɓangare guda da yatsa, ya kamata sautinsu ya yi kusan ɗaya. Sakakken sifok shi ne ke fara karyewa.

Kafin a biya kuɗi, yana da kyau a haɗa farashin rim da sifok da ladan aiki, a kwatanta da na cikakkiyar ƙafa. Idan hob ɗin ma ya gaji, sayen ƙafa gaba ɗaya ya fi sauƙi. Idan kuwa hob mai inganci ne, sake masa rim ya fi riba.

Bayan an ɗaura, a koma wurin mai gyara bayan mako biyu ko uku domin ya sake dubawa. A riƙa goge gefen rim, a cire tsakuwar da ta nutse a robar birki, a kuma tabbatar taya na da isasshiyar iska, domin taya mai ƙarancin iska ita ke barin rim ya daki bakin rami. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda ya auna, ya ƙirga ramuka, ya nemi gwanin ɗauri, zai daɗe bai koma kasuwar rim ba.