Tsaron Lafiyar Gandiroba da Taimakon da Fursunoni ke Bayarwa

Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi haɗarin da ma'aikacin gidan yari yake fuskanta, da kuma yadda a wasu lokuta fursunonin da yake tsaro suke zama sanadin tsirarsa. Sunan gidan yari ya samo asali daga Yari, wato basaraken da ke kula da ɗaurarru a ƙarƙashin sarki. Kalmomin fursuna da gandiroba kuwa aro ne daga Turanci. A shekarar 1968 gwamnatin tarayya ta karɓi gidajen yarin En'e, sannan dokar 2019 ta sauya wa hukumar suna, aka koma cewa gidan gyaran hali.

Ire-iren Haɗari

Haɗarin da ke kan gandiroba iri uku ne. Na farko shi ne hari daga waje. A watan Satumba na 2010 'yan Boko Haram sun fasa gidan yarin Bauchi, suka saki fursunoni fiye da 700. A Nuwamba 2021 an kai hari gidan yarin Jos, inda aka kashe ma'aikaci ɗaya. Na biyu shi ne tawaye ko tserewa daga ciki, kuma wannan ya fi aukuwa inda hukuma ta yi rauni. Misali, a Sabha, babban birnin yankin Fezzan na kudancin Libiya, inda matafiya daga Agadas kan yada zango, fursunoni kusan 200 sun tsere a Disamba 2012, shekara guda bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi. Na uku shi ne rashin lafiya ta farat ɗaya, alhali babu abokin aiki a kusa.

Abin lura shi ne, gandiroba ba ya yawo da bindiga a cikin ɗaurarru. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda ake kira Ƙa'idojin Mandela, sun ce kada ma'aikacin da ke cuɗanya da fursunoni ya riƙe makami sai da wani dalili na musamman, domin ana iya ƙwace shi. Ke nan idan abu ya ɓaci, waɗanda suka fi kusa da shi su ne fursunoni.

Misalai Daga Amurka

Fitattun misalan irin wannan taimako da aka rubuta dalla-dalla sun fito ne daga Amurka. A ranar 9 ga Satumba 1971 fursunoni fiye da 1,000 suka yi tawaye a gidan yarin Attica da ke Jihar New York, suka yi garkuwa da ma'aikata kimanin 40. Tun a farkon rikicin aka yi wa wani gandiroba mai suna William Quinn mummunan duka. Wasu fursunoni ne suka ɗauke shi a kan katifa, suka miƙa shi ga hukuma don a kai shi asibiti, ko da yake ya rasu bayan kwana biyu. Haka kuma fursunoni Musulmi sun kewaye sauran ma'aikatan, suka hana masu neman ramuwar gayya kaiwa gare su. A ranar 13 ga wata Gwamna Nelson Rockefeller ya amince a ƙwace gidan da ƙarfi. Mutum 39 suka mutu a wannan farmaki, 10 daga cikinsu waɗanda aka yi garkuwa da su ne, kuma binciken likita ya nuna harsashin jami'an tsaro ne ya kashe su.

Misali na biyu ya faru a Yuni 2016 a garin Weatherford na Jihar Texas. Fursunoni takwas suna kulle a wani ɗaki a ƙarƙashin ginin kotu, sai mai tsaronsu ya yanke jiki saboda ciwon zuciya. Ga makullai da bindiga a jikinsa, domin shi mai gadin kotu ne. Fursunonin suka ɓalle ƙofa, suka yi ta ihu da bugun ƙofofi har jami'ai suka sauko, aka ceto ransa. Sun yi haka ne alhali sun san ana iya ɗaukarsu masu neman tserewa a harbe su.

Abin da Za a Fahimta

Waɗannan misalai suna nuna cewa ba a taru an zama ɗaya ba. Ko a Nijeriya, lokacin da aka fasa gidan yarin Owerri a Afrilu 2021, mutum fiye da 1,800 sun gudu, amma wasu 35 suka ƙi fita. Saboda haka tsaron gandiroba bai tsaya ga katanga da kwaɗo ba. Ma'aikacin da ya san ɗaurarru da sunayensu, yake sauraron kokensu, kuma ba ya wulaƙanta su, shi ne ake rada wa labari kafin rikici ya tashi, shi ne kuma ake karewa idan ya tashi. Hausawa na cewa alheri gadon barci ne.

Sai dai abin yana da iyaka. Ƙa'idojin Mandela sun hana a ba fursuna ikon hukunta ɗan'uwansa, domin hakan kan haifar da zalunci a cikin ɗakuna. Ban da haka, cunkoso da yawan masu jiran shari'a, waɗanda su ne mafi rinjaye a gidajen yarin Nijeriya, suna hana ma'aikaci sanin mutanen da ke hannunsa.

Kammalawa

A taƙaice, taimakon fursuna ba zai maye gurbin isassun ma'aikata da horo da kayan aiki ba, domin waɗannan nauyi ne da ke kan hukuma. Amma hukumar da ta rage cunkoso, ta kuma kyautata wa ɗaurarru, lafiyar ma'aikatanta ta kare.