Kallon Gaggafa Mai Farin Kai a Sheƙarta

Gaggafa mai farin kai tsuntsuwa ce ta nahiyar Amurka ta Arewa, kuma hotonta ne ke bisa hatimin ƙasar Amurka tun shekarar 1782. Idan ta buɗe fukafukanta, faɗinsu kan kai mita 2, kuma macen ta fi namijin girma. Kifi ne mafi yawan abincinta, shi ya sa take gina sheƙa a kan dogayen itatuwa na bakin ruwa.

Ɗaya daga cikin wuraren da suka yi suna wajen kallonta shi ne gandun namun daji na Blackwater a jihar Maryland. A can an shimfiɗa wata hanyar mota da ta ratsa fadama, inda masu kallo kan tsaya a gefe su hango tsuntsayen da tabarau na hangen nesa. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne sheƙar kanta. Namiji da mace sukan koma sheƙa guda kowace shekara, suna ƙara mata ƙirare, har ta zama ƙasaitacciya. Alal misali, wata da aka auna a Florida a 1963 ta kai mita 2.9 a faɗi da mita 6 a zurfi.

A yankin Maryland, macen kan saka ƙwai 1 zuwa 3 a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, wato da tsakiyar sanyi. Su biyun ke karɓa-karɓa wajen kwanci har kimanin kwana 35. 'Ya'yan kan fara tashi bayan mako 10 zuwa 12, amma kansu ba ya fari sai sun kai wajen shekara 5.

To, me ya sa ake son mai kallo ya tsaya can bakin hanya? Dalili shi ne ɗan tayin da ke cikin ƙwai yana bukatar ɗumi ba yankewa. Idan mutum ya matso, uwa ta firgita ta tashi, sanyi na iya kashe ƙwan, ko hankaka ya fasa shi. Haka nan ɗan da fukafukansa ba su ƙosa ba yana iya tsorata ya faɗo ƙasa. Saboda haka, a 2007 hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka ta ba da shawarar a bar tazarar aƙalla mita 100 tsakanin mutum da sheƙa. Bugu da ƙari, gaggafar da ta saba da wucewar motoci ta fi tsoron mai tafiya a ƙasa, don haka mota kan zame wa mai kallo maɓoya. Da zarar tsuntsuwa ta fara kuka tana shawagi bisa sheƙa, alama ce an matso da yawa.

Wannan taka-tsantsan yana da tushe. A 1963, ma'aurata 417 kacal aka ƙirga a jihohi 48 na ƙasar. Maganin ƙwari na DDT ya kwarara cikin ruwa, ya shiga jikin kifi, ya taru a jikin gaggafa, ya hana ɓawon ƙwai yin kauri, sai ya riƙa fashewa a ƙarƙashin uwa. An haramta DDT a 1972, aka cire tsuntsuwar daga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2007. Rahoton hukumar na 2021 ya ƙiyasta ma'aurata fiye da 71,000.

Ɗalibin da ke son nazarin kowane tsuntsu a sheƙarsa zai amfana da wannan ƙa'ida. Ya zauna nesa, ya yi shiru, ya rubuta lokacin da iyaye suka karɓi juna da irin abincin da suka kawo. Tsuntsun da bai san ana kallonsa ba shi ne ke nuna ainihin ɗabi'arsa.