Akwatin Wutar Kwamfuta: Yadda Ake Gane Nagari

Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutar tebur ya ga wani akwatin ƙarfe a kusurwa ɗaya, mai fanka a jikinsa, da wayoyi masu yawa suna fitowa daga cikinsa kamar saiwar bishiya. Ta nan ne wutar lantarki take shiga kwamfuta. Masu gyara sukan kira shi da sunansa na Turanci ko na Faransanci, a takardun kamfanoni kuma ana taƙaita sunan da haruffa uku, PSU. A wannan darasi za mu kira shi akwatin wuta. Abin da za mu duba shi ne yadda ake auna aikinsa, da dalilin da ya sa lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwalinsa ba ta isa shaida ba.

Kafin nan, akwai kalmomi uku na aro da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta, amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana cikin waya, wat kuma ma'aunin aikin da wutar take iya yi. Idan aka kwatanta da ruwan famfo, bolt shi ne ƙarfin fesowar ruwan, amfiya kuwa yawan ruwan da ke zuba. In aka ninka bolt da amfiya sai a samu wat. Wannan ɗan lissafi zai yi mana amfani nan gaba.

Aikin akwatin wuta

Wutar da ke zuwa gidajenmu a Nijar da Najeriya da Gana tana tsakanin bolt 220 da 230, kuma irin wadda ke kai da komowa ce, sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya. Kayan cikin kwamfuta ba sa iya shan irin wannan wuta. Suna bukatar wuta miƙaƙƙiya mai bin hanya ɗaya, kuma ƴar kaɗan: bolt 12, da bolt 5, da bolt 3.3. Akwatin wuta ne yake wannan juyi. Da farko yakan miƙar da wutar gida ta zama fiye da bolt 300, sa'an nan ya daddatsa ta sau dubbai cikin daƙiƙa, ya bi da ita ta wata ƙaramar tiransifoma, ya sake miƙar da ita, ya tace, kana ya raba. A tsohon tsari kowace wuta da launin wayarta: rawaya bolt 12, ja bolt 5, ruwan goro bolt 3.3, baƙa kuma ita ce ta ƙasa. Yawancin sababbin akwatuna duk wayoyinsu baƙaƙe ne, don kawai ado.

Kamfanin Intel ne ya fito da ƙa'idar da ake kira ATX a shekarar 1995, wadda ta tsayar da girman akwatin da irin wutar da zai bayar. Saboda ita ne ake iya cire akwatin wani kamfani a sa na wani, ya zauna daidai. Sai dai zama daidai cikin kwamfuta daban, cika ƙa'idar daban.

Lambar da ke jikin kwali

Mai saye yakan tambayi abu ɗaya: wat nawa ne? A ce masa 500, ya biya, ya tafi. Amma wannan lamba jimilla ce ta dukan layukan wuta, kuma ba dukansu ne suke da muhimmanci iri ɗaya ba. A shekarun 1990 kwamfuta ta fi dogara da layin bolt 5 da na 3.3. Tun daga fitowar furosesar Pentium 4 a shekarar 2000 abin ya sauya, aka ƙara wata waya mai baki huɗu da ke kai bolt 12 kai tsaye wurin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Yau furosesa da katin hoto, waɗanda su ne manyan masu cin wuta, duk daga layin bolt 12 suke sha.

Saboda haka abin dubawa shi ne ɗan jadawalin da ke manne a gefen akwatin. A nemi inda aka rubuta +12V, a duba amfiyar da ke ƙarƙashinsa, a ninka. Alal misali, a ce akwati ya yi da'awar wat 500, amma a ƙarƙashin +12V an rubuta amfiya 18. To 12 sau 18 ya ba da 216 ke nan. Sauran wat ɗin suna kan layukan da kwamfutar zamani ba ta cika bukata ba, in ma akwai su da gaske. Akwati nagari mai wat 500 zai nuna wajen amfiya 40 ko fiye a wannan layi, wato kusan dukan ƙarfinsa yana inda ake nemansa.

Akwai wata dabara kuma. Wasu kamfanoni sukan rubuta iyakar abin da akwatin zai iya bayarwa na ƴan daƙiƙoƙi, ba abin da zai iya ɗauka yini guda ba. Jaki ma yana iya ɗaga kayan raƙumi na taku biyu. Wasu kuma sukan yi awonsu cikin ɗaki mai sanyi, a zafin digiri 25, alhali kuwa ƙarfin akwatin wuta yana raguwa in zafi ya ƙaru. Masu kyau sukan faɗa a takardarsu cewa suna ba da cikakken ƙarfi har a digiri 40 ko 50. Wannan magana ta shafe mu fiye da mutanen Turai. A Yamai ko Sakkwato zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40 a inuwa, cikin kwamfuta kuwa ya fi ɗakin zafi. Wanda aka auna a digiri 25 bai san bazara ba tukuna.

Abin da masu gwaji suke aunawa

Ba a gane akwatin wuta da kunna shi kawai. Masu gyara suna da wata hanya ta haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan guntun ƙarfe, in fanka ta juya sai su ce lafiya lau. Abin da wannan ya nuna shi ne akwatin bai mutu ba, shi ke nan. Gwaji na gaskiya sai an ɗora masa kaya. A ɗakunan gwaji akwai na'urar da ke jan wuta gwargwadon yadda aka umarce ta, daga kaɗan har zuwa iyakar abin da aka rubuta, ana yi ana duba abubuwa kamar huɗu.

Na farko shi ne tsayuwar wuta. Ƙa'idar ATX da aka daɗe ana aiki da ita ta yarda layi ya kauce da kashi 5 cikin 100, sama ko ƙasa. Ke nan layin bolt 12 yana da damar yawo tsakanin 11.4 da 12.6, na bolt 5 kuma tsakanin 4.75 da 5.25. Akwati maras kyau yakan nuna 12 cif in babu kaya, da an matsa masa sai ya zube ƙasa da iyaka. A nan ne mai kwamfuta yake ganin tana mutuwa ko tana sake tashi da kanta duk lokacin da ya ba ta aiki mai nauyi, ya yi ta zargin manhaja ko ƙwayar cuta. Wannan awo kowa yana iya yin sa da ƙaramar mitar masu gyaran rediyo, muddin kwamfutar tana cikin aiki.

Na biyu ya fi wuyar gani. Wutar da aka daddatsa aka sake miƙarwa ba ta fita sumul, takan zo da ƴar rawa a samanta, kamar fuskar ruwan tafki in iska ta taɓa shi. Ƙa'ida ta ce kada rawar ta wuce milibolt 120 a layin bolt 12, da milibolt 50 a sauran biyun. Milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt. Mita ba ta kama wannan, sai na'urar osiloskof mai zana siffar wuta a allo. A ganina wannan shi ne awon da ya fi fallasa akwati, domin ɓarnarsa a ɓoye take. Kwamfuta tana aiki, ba wanda ya ga komai, amma babban allonta da faifan ajiya suna shan wuta mai gurɓata wata da watanni har su gaji.

Na uku shi ne riƙon wuta. In wutar gida ta ƙifta, akwati nagari zai ci gaba da ciyar da kwamfuta na kimanin kashi 16 ko 17 cikin dubu na daƙiƙa daga abin da ya tara. Lokacin kamar ba komai ba ne, amma shi ne yake ba na'urar UPS damar komawa kan batir ba tare da kwamfuta ta mutu ba. Inda ake yawan ɗauke wuta ana komawa janareta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na huɗu tattalin wuta, kuma shi ne aka fi tallatawa. Ba duk wutar da akwati ya ja daga bango ce take isa kwamfuta ba, wani kashi yakan zama zafi. A ce kwamfuta tana bukatar wat 300. Akwatin da tattalinsa kashi 70 ne zai ja kusan wat 429, ya ɓarar da 129. Mai kashi 90 zai ja wajen 333, ya ɓarar da 33 kacal. A shekarar 2004 aka kafa wani tsari a Amurka mai suna 80 Plus, wanda yake ba da tambari ga akwatin da tattalinsa ya kai kashi 80 a matakai uku: in an ɗora masa kashi 20 na kayansa, da kashi 50, da kashi 100. A 2008 aka ƙara darajojin Bronze da Silver da Gold, daga baya Platinum da Titanium suka biyo. A wutar Amurka mai bolt 115, Bronze yana nufin kashi 82 da 85 da 82, Gold kuma 87 da 90 da 87.

Tambarin yana da amfani, amma a san iyakarsa. Tattali kaɗai yake aunawa, a ɗaki mai matsakaicin zafi, bai ce komai a kan rawar wuta ko tsawon rai ba. Ga shi kuma buga tambari a kwali ba shi da wuya. Mai shakka sai ya nemi sunan akwatin a jerin da masu tsarin suke wallafawa a intanet.

Abin da ke ciki

A nan sai an yi gargaɗi: kada ɗalibi ya kwance akwatin wuta don ya gani da idonsa. Babbar kafasitar da ke ciki tana iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare waya daga bango, kuma tana iya kisa.

Kafasita wani ɗan gwangwani ne mai tara wuta ya sake ta, shi ne yake tace rawar da muka ambata. Irin wadda aka fi sawa tana da ruwan sinadari a ciki, zafi kuma yana busar da shi sannu a hankali. Masana'antu suna lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 yana rage rayuwarta da rabi. Shi ya sa ake fifita wadda aka rubuta wa digiri 105 a kan mai 85, ake kuma yabon na kamfanonin Japan irin su Nichicon da Rubycon da Nippon Chemi-Con. Daga wajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000 duniya ta ga abin da muguwar kafasita take jawowa, lokacin da miliyoyi masu gurɓataccen sinadari suka shiga kasuwa, suka riƙa kumbura suna tsiyaya cikin kwamfutoci, har da na manyan kamfanoni kamar Dell. Da yawa daga cikin kwamfutocin wancan zamani sun ƙare a kasuwannin kayan gwanjo na Afirka.

Ƙurar hunturu tana ƙara tsananta lamarin. Takan toshe ƙofofin iska, ta danƙare a fukafukan fanka, zafi ya taru. Hura akwatin daga waje lokaci lokaci, bayan an kashe shi, yana ƙara masa kwana.

Sai batun kariya. Akwati nagari yana da masu gadi a ciki da za su kashe shi nan take in wuta ta yi yawa, ko kaya sun fi ƙarfinsa, ko wayoyi sun haɗu, ko zafi ya wuce kima. A takarda ana rubuta su da haruffa kamar OVP da OCP da SCP da OTP. Masu araha nan suke rage kuɗi, domin ba a ganin rashin mai gadi sai ranar da ɓarawo ya zo. Irin wannan akwati in zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja babban allo da faifan ajiya, tare da duk abin da aka adana a ciki.

A duba bayan akwatin kuma. Tsofaffi da masu araha suna da wani ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. In kwamfuta ta zo daga Amurka yana kan 115, aka soka ta a wutarmu ba a mayar da shi ba, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi. Na zamani masu kyau ba su da wannan makunni, an rubuta musu 100 zuwa 240, suna daidaita kansu. Waɗannan sun fi jure wutar da ke yin ƙasa da yamma in unguwa duka ta kunna kaya, ko da yake ba su hana a sa sitabilaiza ba.

Da can masu gyara sukan ɗaga akwati su ji nauyinsa, domin mai nauyi yana nufin manyan ƙarafan sanyaya da cikakkun kaya. Har yanzu wanda ya yi sakayau kamar fanko abin gudu ne, amma nauyi ya daina zama hujja tun da aka samu masu jabu suna cusa ƙarfe ko siminti a ciki. Tsawon garanti ya fi shi faɗin gaskiya: akwai kamfanonin da ke ba da shekara 5, wasu 10, na jabu kuwa da wuya ya wuce shekara ɗaya, in ma an ba da shi.

Ƙa'idar kanta ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A 2022 Intel ya fitar da ATX 3.0, saboda manyan katunan hoto na yanzu sukan fizgi wuta mai yawa farat ɗaya. Sabuwar ƙa'idar ta bukaci manyan akwatuna su jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan ƙiftawar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, ta kuma kawo sabuwar waya mai iya kai wat 600 ga katin hoto shi kaɗai. Kwamfutar ofis ko ta ɗalibi mai rubutu da lissafi ba ta bukatar wannan, da wuya ma ta ci wat 150. A gare ta, akwati mai wat 350 na gaskiya ya wadatar, har da saura.